Yadda Na Gano Inshorar Motata Ta Bogi Ce, da Abin da Ya Biyo Baya

Na sayi motata, Toyota Corolla 'yar Kwatano, a shekarar 2021, kuma tun daga ranar da ta shigo hannuna har zuwa daminar 2023 ban taɓa zama na karanta takardar inshorarta ba. Abin da na saba shi ne, idan shekara ta zagayo sai in ɗauki tsofaffin takardu in kai wa wani mutum da ke zama a gindin bishiya kusa da inda ake sabunta takardun mota, in ba shi kuɗi a dunƙule, washegari in koma in karɓo sababbi a cikin leda in ajiye su a aljihun gaban mota. A wurina, kamar yadda yake a wurin yawancin abokan aikina a makarantar da nake koyarwa a Kano, inshora takarda ce da ake miƙa wa ɗan sanda ko jami'in kiyaye haɗurra ta taga domin a bar mutum ya wuce. Ban taɓa tunanin cewa alkawari ne tsakanina da wani kamfani ba, balle in tambayi abin da kamfanin ya ɗauka zai yi idan tsautsayi ya auku.

Wata ranar Laraba a watan Agusta na 2023, ina komawa gida ta Titin Zariya ana yayyafi bayan an sha ruwa mai ƙarfi, motar da ke gabana ta taka birki a danja, ni ma na taka, amma tayoyina suka zame na daki bayanta. Motar wani dattijo ce, Honda, kuma bambarta ta baya ta tsage, but ya loɓa, fitila ɗaya ta fashe. Tawa kuwa bonet ya tanƙware, lagireto ya fara zubar da ruwa. Mutane suka taru suna cewa a yi haƙuri, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Dattijon ya fito, abin da ya fara tambaya shi ne, "Ɗana, ba ka ji ciwo ba dai?" Na ce, "Lafiya ƙalau, Baba, laifina ne, a gafarce ni." Muka tura motocin gefen hanya, ya kira ɗansa a waya. Da ɗan ya iso ya duba ɓarnar, sai ya ce, "Malam, kana da inshora? Idan kana da ita ai kamfaninka ne zai gyara motar Baba." Na ɗauko takardar da ƙarfin gwiwa na miƙa masa. Ya danna *565*11# a wayarsa, ya shigar da lambar motata, sannan ya juyo da wayar ya nuna mini cewa babu wata inshora mai aiki da aka yi wa wannan lambar rajista. Ya sake gwadawa a shafin askniid.org, amsar ba ta canza ba. A nan ne na fara jin cewa ƙungiyar kamfanonin inshora ta Najeriya tana da rumbun bayanai inda kowane kamfani ke shigar da duk motar da ya yi wa inshora, kuma kowa zai iya dubawa daga wayarsa. Kunyar da na ji a gaban dattijon nan ta fi mini zafi a kan ɓarnar motar.

Washegari na kira lambar wayar da ke ƙasan takardar, ba ta shiga ba. Sunan kamfanin da ke samanta kuwa na kamfanin gaske ne, saboda haka na nemi izini a makaranta na je reshensu. Na jira kusan minti arba'in kafin wata ma'aikaciya ta karɓi takardar, ta buga lambar yarjejeniyar a kwamfuta, ta ce wannan lambar ba daga wurinsu ta fito ba, kuma ko tsarin lambobin ba irin nasu ba ne. Ta tambaye ni nawa na biya, na ce ban sani ba, domin a dunƙule nake bayarwa. Ta ce, "Malam, tun daga 1 ga Janairun bana Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, wato NAICOM, ta ɗaga kuɗin inshorar ɓangare na uku ta motar gida, wadda ke biyan wanda motarka ta cutar, daga naira 5,000 zuwa naira 15,000. Duk wanda ya ba ka a ƙasa da haka, takarda kawai ya buga maka." Daga can na wuce gindin bishiyar. Mutumin bai yi musu ba. Ya ce shi ma wani yake ba wa, kuma naira 3,000 yake cirewa daga kuɗina domin inshora, ya ƙara da cewa haka kowa yake karɓa kuma ba a taɓa tsare wani a hanya saboda ita ba. Ba ni da rasidi, ba ni da shaida, kuma a lokacin hankalina yana kan yadda zan gyara motar dattijo, saboda haka na bar maganar a nan. Har yanzu ina ganin da na kai ƙara ya fi, domin waɗanda suke zuwa wurinsa bayana ba su san abin da suke karɓa ba.

Gyaran motar Baba ya tashi naira 310,000 bayan mun je kasuwar Ƙofar Ruwa ni da bakanikensa mun sayo bamba da fitila, mai fanabita ya buga but, mai fenti ya yi nasa. Dattijon ya yafe mini naira 40,000 daga ciki, Allah ya saka masa da alheri. Tawa ta ci naira 190,000. Na kwashi adashina kafin lokacin da na tsara, na kuma ci bashi a ƙungiyar taimakon juna ta malamai, wanda na yi wata shida ana cire shi daga albashina. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne lissafin da na yi daga baya: inshorar gaske ta naira 15,000 tana ɗaukar ɓarnar dukiyar wani har zuwa naira miliyan 3, wato da ta biya gyaran motar Baba gaba ɗaya, kuma bambancin da ke tsakaninta da ta bogin da na karɓa naira 12,000 ne kawai.

Kafin in je in yi ta gaske, akwai abin da ya daɗe yana yi mini nauyi a zuciya, wato hukuncin inshora a addini, kuma ina jin yana cikin dalilan da suka sa da yawa daga cikinmu ba ma son sanin komai game da ita, muna karɓar takardar ne kawai don hukuma ta tilasta. Na je wurin malamin da nake ɗaukar karatu a wurinsa bayan sallar Magariba na faɗa masa duk abin da ya faru. Ya yi mini bayani cewa malamai da yawa sun soki inshorar kasuwanci saboda garari, wato rashin tabbas a cikin ciniki, da ribar da ke shiga cikinta, kuma Majalisar Fiƙihu ta Ƙasa da Ƙasa ta yanke a Jidda a 1985 cewa ba ta halatta ba, amma ta halatta inshorar taimakon juna wadda aka gina a kan sadaukarwa. Ya ce wannan ita ce takaful, kuma tun 1979 aka kafa kamfanin farko irin wannan a Sudan. Ya kawo mini misalin yadda dangi suke haɗuwa su biya diyyar kisan kuskure, ya ce tunanin raba nauyin tsautsayi a tsakanin jama'a yana da asali a shari'a. Sannan ya ƙara da wata magana da ban manta ba, cewa haƙƙin wanda na ɓata wa dukiya yana wuyana ko da inshora ko babu, saboda haka neman hanyar halal da zan iya sauke wannan haƙƙin ya fi riƙe takardar ƙarya a aljihun mota.

A farkon Satumba na je ofishin wani kamfanin takaful, bayan na duba sunansa a jerin kamfanonin da NAICOM ta ba lasisi. Hukumar ta fitar da ƙa'idojin takaful tun 2013, kuma yanzu akwai kamfanoni da dama da ke yin ta. Ba a sa ni jira ba. Jami'in da ya zauna da ni ya ɗauki takarda ya zana ɗigo uku. Ya ce ɓangare na farko ni ne mai mota, na biyu kamfani, na uku kuwa duk wani mutum da motata za ta cutar da jikinsa ko dukiyarsa. Inshorar ɓangare na uku ita ce mafi ƙarancin abin da doka ta wajabta, kuma dokar da ta fara wajabta ta tun 1945 aka yi ta, zamanin mulkin Turawa. Ya jaddada mini sau biyu cewa wannan inshorar ba ta gyara motata, ba ta biyana idan an sace ta ko ta ƙone, aikinta shi ne ta biya wanda na cutar. Iyakar naira miliyan 3 ta shafi ɓarnar dukiya ce, kamar mota ko shago ko katanga, amma rauni ko rasa rai ba a ɗaure su da wannan iyakar ba. Game da takaful kuwa, ya ce kuɗin da zan bayar gudunmawa ce da ke shiga asusun mahalarta, daga cikinsa ake biyan wanda tsautsayi ya samu, kamfani yana ɗaukar ladan wakilci don gudanar da asusun, kuma idan an samu rara a ƙarshen shekara ana iya raba wa mahalartan da suka cancanta bisa sharuɗɗan yarjejeniya.

Na tambaye shi wadda za ta gyara tawa motar, ya ce ita ce cikakkiyar inshora, wadda ta haɗa haƙƙin ɓangare na uku da ɓarnar motata, da gobara, da sata. Kuɗinta bai kamata ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar ba, saboda haka motata da muka ƙiyasta a kan naira miliyan 4 za ta ci naira 200,000 a shekara. Akwai kuma ta tsakiya, wadda ta ƙara gobara da sata kawai a kan ta ɓangare na uku. Ya gargaɗe ni a kan abubuwa biyu da mutane ke yi don rage kuɗi. Na ɗaya shi ne rage darajar mota a fom, domin wanda ya ce motarsa ta miliyan 4 ta miliyan 2 ce, ranar biya ma da wannan ma'aunin za a auna masa. Na biyu shi ne ɓoye amfanin da ake yi da motar, domin wanda ya rubuta motar gida ce alhali yana kabu-kabu da ita da yamma, kamfani yana da hujjar ƙin biya idan hatsarin ya faru yana ɗauke da fasinja. Ya kuma nuna mini wani sakin layi da ke cewa a cikakkiyar inshora akwai kason farko na kowace ɓarna da mai mota zai biya daga aljihunsa kafin kamfani ya ɗauki saura, kuma ya ce kowa ya tambayi yawan wannan kason kafin ya sa hannu. Da bashin da ke kaina, naira 200,000 ta fi ƙarfina, saboda haka na zaɓi ta ɓangare na uku, ina sane da abin da ta ɗauka da abin da ta bari.

Fom ɗin shafi biyu ne. An nemi lasisin tuƙina, da takardar rajistar mota, da shaidar mallaka, da lambar shasi da ta inji, da lambar wayata. Akwai tambaya ko motar ta taɓa yin hatsari, na rubuta na watan Agusta kamar yadda ya faru. Na tura naira 15,000 kai tsaye zuwa asusun banki mai sunan kamfanin, aka ba ni rasidi, aka buga mini takardar shaida da kuma kundin sharuɗɗa, duk cikin ƙasa da awa ɗaya. Jami'in ya ce sai kuɗi ya shiga inshora ke fara aiki, babu bashi a cikinta. Washegari da safe na danna *565*11#, sai ga lambar motata da sunan kamfanin da ranar da za ta ƙare. A daren na karanta kundin sharuɗɗan daga farko har ƙarshe, a ciki na ga cewa bai kamata in amsa laifi ko in yi alkawarin biya a wurin hatsari ba tare da sanin kamfani ba. Wannan ya yi mini nauyi, domin tarbiyyarmu ita ce mutum ya ba da haƙuri idan ya yi kuskure. Da na sake tambaya, aka ce mini jajantawa da kai wanda ya ji rauni asibiti babu laifi a cikinsu, abin da ake gudu shi ne in yanke adadin kuɗi ko in sa hannu a takardar sulhu kafin su ga ɓarnar.

Na sabunta a Satumbar 2024 ta waya ba tare da na je ofis ba. Da 'yan sanda suka fara tsaurara binciken inshorar ɓangare na uku a faɗin ƙasa daga 1 ga Fabrairun 2025, an tsayar da ni sau biyu, aka duba lambar, aka ce in wuce. Amfanin abin da na koya na gaske kuwa bai bayyana ba sai bayan ƙaramar Sallah ta 2025, lokacin da wata a-kori-kura ta wani kamfanin rarraba kaya ta daki bayan motata ina tsaye a cunkoso. Direban ya sauko jikinsa na rawa yana cewa, "Yallaɓai, a rufa mini asiri, za a kore ni daga aiki," ya ciro naira 20,000 ya ce in karɓa mu rabu. Na tausaya masa ƙwarai, domin na taɓa tsayawa a inda yake tsaye. Na ce ya kwantar da hankalinsa, na ɗauki hotunan motocin biyu kafin a motsa su, da lambobinsu, da lasisinsa, na karɓi lambar wayar wani mai shago da ya ga abin da ya faru, sannan na duba lambar motarsu a waya. Tana da inshora mai aiki. Na nuna masa, na ce idan aka bi hanya, kamfanin inshora ne zai biya, albashinsa ba zai taɓu ba.

Muka je sashen 'yan sanda masu kula da zirga-zirgar motoci. Jami'i ya koma da mu wurin ya auna ya zana taswirar yadda motocin suka tsaya, kowannenmu ya rubuta jawabinsa, motocin suka kwana biyu a can har jami'in duba lafiyar motoci ya gwada su. Rahoton ya fito bayan kwana tara, kuma na koma sau uku kafin in karɓe shi. Wannan ne matakin da ya fi gajiyar da ni, kuma na fahimci dalilin da ya sa mutane da yawa ke haƙura su karɓi abin da aka ba su a bakin titi. Manajan kamfanin kayan ya sanar da kamfanin inshorarsu tun washegarin hatsarin, shi ne ya cike fom ɗin neman biya, domin shi ne ke da yarjejeniya da su. Ni kuma na rubuta wasiƙar neman diyya zuwa gare shi, na haɗa da hotuna, da kwafin takardun motata, da rahoton 'yan sanda, da ƙiyasin gyara da bakanikena ya rubuta a takarda mai sunan garejinsa, naira 420,000. Na sanar da nawa kamfanin ma, ko da yake ba su ne za su biya ba, domin sharuɗɗana sun ce a sanar da su duk wani hatsari.

An gaya mini kada a taɓa motar sai mai kimanta ɓarna ya gan ta, saboda haka ta zauna a gareji mako biyu ina hawan Adaidaita Sahu zuwa makaranta. Da ya zo, ya ɗauki nasa hotunan, ya bi ƙiyasin layi-layi, bayan kwana biyar takardar tayi ta iso da naira 355,000. Dalilinsu shi ne inshora tana mayar da mutum inda yake kafin hatsari ne, ba ta ɗaga shi sama da haka, saboda haka ba za su biya kuɗin sababbin kaya cif a madadin waɗanda suka tsufa ba. Na yarda da wannan a kan bamba, amma ban yarda a kan murfin but ba, wanda suka ce a buga shi alhali ya tsage. Na kawo rubutaccen farashi daga shaguna biyu a Ƙofar Ruwa tare da hoton tsagewar, na rubuta musu cikin ladabi, suka ɗaga tayin zuwa naira 385,000. Aka aiko takardar sallama, wadda sa hannu a kanta ke nufin na karɓi wannan adadin a matsayin biya na ƙarshe kuma ba zan sake neman komai ba. Na karanta ta sau biyu na sa hannu, kuɗin ya shigo asusuna bayan kwana goma sha biyu. Daga ranar hatsari zuwa ranar biya mako bakwai ne. Kuɗin Adaidaita Sahun da na kashe ban same shi ba, domin ban sa shi a wasiƙata ba tun farko, kuma bayan takardar sallama ƙofar ta rufu.

Ga wanda zai bi wannan hanyar, abin da zan fara faɗa masa shi ne ya duba lambar motarsa yau, kafin wani abu ya faru, kuma ya sake dubawa duk lokacin da ya sabunta. Ya raba kuɗin inshora da kuɗin sauran takardu, ya biya shi a asusun kamfani mai lasisi ko ta hannun dillalin inshora mai rajista, ya riƙe rasidinsa. Ya tabbatar lasisin tuƙinsa bai ƙare ba, haka na duk wanda yake ba wa motar, ƙane ne ko ɗa ko direba, domin tuƙi babu lasisi yana iya ɓata yarjejeniyar. Wanda ya sayi mota ta hannu kada ya dogara da inshorar da ya tarar a cikinta, ta tsohon mai ita ce, sai ya yi tasa da sunansa. Idan hatsari ya auku, hoto da shaida da rubutu su ne suke aiki, kuma duk takardar da ya miƙa ya ajiye kwafinta tare da ranar da ya miƙa ta. Idan kamfani ya ƙi biya ko ya ja lokaci ba dalili, NAICOM tana da sashen karɓar ƙorafi, ko da yake ni ban kai ga buƙatarsa ba. A ganina kuma, wanda motarsa ita ce hanyar abincinsa, ko wanda ya saye ta da bashin da bai gama biya ba, ya kamata ya yi lissafin cikakkiyar inshora da gaske, domin ta ɓangare na uku ba za ta dawo masa da ko taya ɗaya ba idan aka sace motar.

Makon da na karɓo motata daga gareji na ba abokan aikina labarin a ɗakin malamai, muka fita wurin ajiye motoci muka duba lambobinmu ɗaya bayan ɗaya. Daga cikin motoci bakwai, huɗu ba su fito ba, kuma uku daga cikinsu a gindin bishiyar nan aka yi musu takardu. Ranar Litinin bayan an tashi na raka biyu daga cikin masu motocin ofishin takaful, sauran biyun suka ce sai an yi albashi.